Saita gen na amfili don sabwufa a kwale-kwale: ina zan tsayar da shi?

Mai Kwale-kwale, Lagdo

Assalamu alaikum. Malamai masana harkar sauti, a ɗora ni a hanya don Allah. Kwale-kwalen katako ne a tafkin Lagdo, ana ɗaukar fasinja ranakun kasuwa, wani lokaci kuma a yi hayarsa don kai amarya tsallake. Injin Yamaha ne mai doki 40, irin wanda ake tayarwa da igiya. Batir guda ne, 100 Ah, a gindin jirgi kusa da inji. Rediyon yana karɓar USB da Bluetooth, ƙararsa tana tsayawa a lamba 40, takardarsa ta ce yana fitar da 2 V ta RCA, wato wayoyin da ke kai sauti daga rediyo zuwa amfili. Amfilin, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, mai layi ɗaya ne, irin wanda ake kira aji D. A kwali an rubuta 3000 W, amma a cikin takarda na ga 500 W RMS (ƙarfin da yake iya bayarwa a kai a kai) a om 2 (om shi ne awon turjiyar sifika ga wuta), da 300 W RMS a om 4. Fis biyu ne a jikinsa, kowanne 25 A. Sabwufar, wato babbar sifikar bas, inci 12 ce, 400 W RMS, koyil biyu masu om 4, a akwati mai bututun iska. Wayar wuta mai kauri 10 mm² ce, tsawon mita 4 daga batir zuwa amfili.

Yanzu gen yana wajen kashi uku cikin huɗu, BASS BOOST yana rabi. Da farko bas ɗin yana daɗi, bayan kamar awa guda sai ya fara karkarwa, jar fitila ta kama, amfilin ya ɗauke. Wufa ɗaya ta riga ta ƙone, wannan ta biyu ce. Wasu sun ce amfilin ne ya yi mata kaɗan, wasu sun ce in rage gen zuwa rabi. Wanne ne gaskiya, kuma yaya ake saitawa da awo ba da kunne ba?

Mai Gyaran Rediyo, Garwa

Wa alaikumus salam. Sannu da aiki, Alhaji. Ka kyauta da ka kawo lambobin duka, domin da su za a yi aikin.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a rai: gen ba maɓallin ƙara ba ne. Aikinsa shi ne daidaita abin da rediyo ke turowa da abin da amfili ke iya fitarwa. Duba lambobin da ke zagaye da shi, za ka ga a hagu an rubuta kamar 6 V, a dama 0.2 V. Ma'anarsu, in rediyonka mai ƙarfi ne yana ba da 6 V, a can hagu amfili zai cika aikinsa. In rarrauna ne, sai an murza dama. Amfili mai 500 W ba ya zama mai 700 don an murza gen. Abin da ke faruwa kawai, yana isa maƙurarsa tun rediyo yana lamba 15 ko 18, daga nan duk abin da aka ƙara sai ya riƙa aske ƙololuwar sautin. Sautin da aka aske kansa sarai yana iya zuba wa koyil zafi har ninki biyu na lafiyayyen sauti mai tsayi ɗaya da shi, alhali takardar wufa ba ta ƙara motsin da zai sanyaya koyil ɗin ba. Wannan ne ya cinye maka wufa ta farko. Ƙanƙantar amfili ba ta ƙona sifika, matsa masa har ya fara askewa ne ke ƙonawa. Maganar “a bar shi a rabi” kuwa ba ta da tushe, rabin wani amfili ba rabin wani ba ne.

Kafin ka taɓa gen, tabbatar da om ɗin da amfili ke gani. Cire wayoyin sifika daga amfili, sa mita a awon om, haɗa tsinkayen mitar da juna ka ga abin da suke ci su kaɗai, galibi 0.2 zuwa 0.4, ka riƙe wannan don ka debe. Koyil biyu masu om 4 in an haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, om 2 ke nan, mita za ta nuna wajen 1.6 zuwa 1.9. In an jera su ɗaya bayan ɗaya, om 8 ne, za ka ga wajen 7. In ka ga 3 da wani abu, to koyil ɗaya kawai aka jona, kuma wannan ma hanya ce ta ƙona wufa, domin rabin wayarta ke ɗaukar kayan duka.

Lambar 3000 da ke kwali ka manta da ita. Fis ɗinka biyu 50 A ne gaba ɗaya. Ninka 50 da 14.4, 720 W ke nan abin da zai iya shiga. Aji D yana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari zuwa sauti, wato 570 da 'yan kai. Saboda haka 500 ɗin da ke takarda abin yarda ne.

Ga lissafin. Ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin ƙarfin amfili da na wufa, a nan 400. Ninka da om: 400 sau 2, 800. Danna alamar √ a kalkuletar wayarka, za ta ba ka 28.3. Wannan ne bolt ɗin da ake nema a bakin amfili.

Sai aikin hannu. Wayoyin wufa su zauna a cire, haka ma na ƙananan sifiku, domin sautin gwaji yana wahalar da su. A rediyo ka mayar da bas, tsakiya da siriri duk sifili, ka kashe LOUD da duk wani tsarin ƙawata sauti. In akwai matakin sabwufa a cikin rediyo, kai shi inda ba za a taɓa wuce shi ba. A amfili: gen can hagu, BASS BOOST sifili, LPF (matacin da ke tare siraran sautuka ya bar bas ya wuce) a lambarsa mafi girma, SUBSONIC (matacin da ke yanke bas na can ƙasa) a mafi ƙanƙanta, don kada su ci wani abu daga sautin gwaji. In akwai ɗan maɓallin nesa da ake ɗaurawa kusa da direba, buɗe shi duka. Sa tsantsar sautin 50 Hz mai matakin 0 dB (dB awon ƙarfin sauti ne, 0 dB a nan shi ne cikakken mataki) a USB, ka sa ya riƙa maimaita kansa. Dalilin zaɓar 50 Hz shi ne mitocin kasuwa don wutar gida aka ƙera su, wutar da madatsar Lagdo ke ba mu kuwa 50 Hz ce, a nan ne ko mita mai araha take faɗin gaskiya. In kana shakkar mitarka, gwada ta a soket ka ga ko za ta nuna wajen 220.

Kai rediyo lamba 30, wato kashi uku cikin huɗu na 40. Mita a AC, tsinkaye a bakin fitar sifika na amfili. Da ƙaramin sukudireba ka murza gen a hankali har lambar ta hau inda kake so, ka tsaya. Kashe komai, mayar da wayoyi, sa LPF a wajen 80 zuwa 100 Hz. Tunda akwatinka mai bututu ne, SUBSONIC dole ne: ƙasa da zangon da aka gina akwatin a kai, iskar ciki ba ta riƙe takardar wufa, sai ta riƙa lilo a banza har ta buga gindi. In akwatin na 40 Hz ne, sa shi a 28 zuwa 30.

BASS BOOST kuwa ka bar shi a sifili. Kowane 3 dB da ka ƙara, amfili ninki biyu na wat ake nema a wurinsa. 6 dB ninki huɗu ne. Rabin maɓalli mai kaiwa 12 dB ya isa ya rushe duk awon da ka yi.

Makaniken Injin Ruwa, Kusiri

Malam ya gama magana kan hanyar awo, Allah ya ƙara sani. Amma lambar 28.3 ta mota ce, a kwale-kwalen nan ta yi yawa, kuma ina ganin a nan ne asalin ciwon yake.

Wat ɗin da kamfanoni ke rubutawa, a 14.4 V suke auna shi, abin da mota ke bayarwa in inji yana aiki ke nan. Injin 40 mai igiya ba shi da irin janaretan mota. Ɗan koyil ne a ƙarƙashin fulawul, abin da yake bayarwa bai wuce 6 A ba, shi ma sai an sa masa rektifaya, mai mayar da wutarsa irin wadda batir ke karɓa, kuma inji yana gudu sosai. Amfilinka in ya buɗe wuta 45 zuwa 50 A yake ja. Kenan batir ne kaɗai ke ɗauke da nauyin, inji ɗan yayyafi yake yi masa. Batir cikakke 12.6 ne a hutawa, in ya kai rabi 12.2, in ana jansa da ƙarfi kuwa ya sauka 12.0 ko ƙasa.

Sai wayar. A mota baƙar waya gajera ce, a jikin ƙarfen mota ake ɗaure ta. Kwale-kwalen katako ba shi da wannan, dole baƙar waya ta koma kan batir, saboda haka mita 4 ɗinka mita 8 ne a lissafi. Tagulla tana da turjiyar 0.0175 a kowace mita ga kaurin 1 mm². Ninka da 8, raba da 10, ka sami om 0.014. A 45 A an zubar da 0.63 V a hanya. In kuma wayar irin ta alminiyon nan ce da aka shafa wa tagulla a baya, wadda ta cika kasuwa, asarar ta ƙaru da kamar rabi, kusan bolt guda. Gane ta ba wuya: kankare silin da wuƙa, in ciki fari ne to ita ce, kuma ba ta da nauyi a hannu. Da danshin ruwa tana zama gari a bakin ɗauri cikin ɗan lokaci.

To ka ga amfilin yana ganin wajen 11.4 V ne. Yawancin amfili masu sauƙin kuɗi, abin da suke iya fitarwa yana bin abin da aka ba su. A 14.4 naka yana iya 31.6 V, shi ne 500 W a om 2. A 11.4 kuwa, 31.6 sau 11.4 raba da 14.4, bolt 25 ne cif. Duk abin da aka nema sama da haka askewa zai yi. Shi ya sa awa ta farko take daɗi, batir yana cike. Yana sauka rufin yana saukowa, gen kuwa yana nan inda yake. Jar fitilar ma ko zafi ne ko ƙarancin wuta, yawancinsu suna ɗaukewa in an faɗo ƙasa da 10.5 ko wajen haka.

Wani abu da ke ruɗar mutane: lokacin awo wufa a cire take, amfili ba ya jan komai, batir yana tsaye ƙyam, mita za ta nuna maka 28 har 33 ba gardama. Wannan ba shaida ba ce cewa zai iya hakan a tsakiyar tafki da kaya a kansa.

Shawarata ka saita a 25 V. Wat 312 ke nan. Kada lambar ta ɓata maka rai, tsakanin 312 da 400 bambancin dB 1 ne da ɗigo, kunne da ƙyar yake kama shi a ɗaki, balle da rurin inji a baya.

Sannan ka gyara wuta kafin awo. Sa 25 mm² ta tagulla zalla, ja da baƙa duka, asara ta dawo 0.25 V. In an samu mai rufin dalma ta jiragen ruwa ta fi, in ba a samu ba wayar walda tana yi, a matse kawunan da kyau, a rufe da robar da ake ƙanƙamewa da zafi, a shafa giris a kan batir. Ko ka matso da amfilin kusa da batir ka tsawaita wayar sifika, ya fi araha, domin 25 V a om 2 amfiya 12.5 ne kawai, waya mai 2.5 mm² ta ɗauka. Fis na 60 A a jar waya dab da kan batir. Ƙa'idar jiragen ruwa ta Amurka inci 7 ta ce, wato santimita 18. Fis ɗin jikin amfili amfili yake tsaro, ba waya ba. Waya mai kaurin nan in ta haɗu ba fis, wuta ce, kuma kwale-kwale katako ne da jarkokin fetur. Don haka batir, fis da amfili kada su kwana ɗaki ɗaya da tankin mai. Masu jirgin ƙarfe ko alminiyon a Logon da Shari su ma kada su mayar da jikin jirgi baƙar waya, wutar da ke bi ta ƙarfe cikin ruwa cin jikin take yi.

Abu na ƙarshe kan inji: in rektifaya ce kawai ba regileta mai ƙayyade bolt, da batir ya cika ko kansa ya saki, wuta tana iya haura 16 V a gudu. Auna kan batir inji yana gudu, in ta wuce 15 a sa mai regileta. Kuma batir 100 Ah rabinsa ne naka in kana son ya yi ƙarko. Kiɗa yana cin kamar 12 zuwa 15 A in an haɗa sama da ƙasa, awa uku zuwa huɗu ke nan. Tafiyar yini sai da batir na biyu ko faifan sola a kan rumfa.

Injiniyan Sauti, Injamena

Na yarda da Kawu makanike kan 25 V. Zan ƙara biyu, ɗaya kan iyakar mita, ɗaya kan sautin gwaji.

Mita ba ta ganin askewa, lamba kawai take bayarwa. Kuma kashi uku cikin huɗu da ake cewa a rediyo kintace ne mai kyau, ba doka ba. Akwai rediyon da yake da tsabta har 38 cikin 40, akwai wanda ya fara ɓaci tun 24, musamman marasa suna. In rediyo ya aika askakken sauti, amfili haka zai ƙara masa girma ko gen yana ƙasa. Mai osiloskof na hannu, na'urar da ke zana siffar sauti a allo, a minti biyu zai nuna maka: a jona shi a RCA, a ɗaga ƙara har kan zangon ya fara kwantawa, a koma baya da lamba ɗaya ko biyu. A lura, a wasu amfili aji D babu bakin sifika da yake haɗe da baƙar wayar batir, duka biyun wuta ke gare su. Kada a haɗa ɗayansu da baƙar wayar batir, kuma a yi amfani da osiloskof mai batirin kansa.

In babu shi, ga dabara. Nemi ƙaramar tuwita, wato sifikar siririn sauti, ka jera mata kafasita 2.2 µF mai 100 V, irin marar ja da baƙi, ka jona a bakin amfili. Kafasitar tana tare 50 Hz, tuwitar za ta yi kusan shiru. Da an fara askewa sai wasu siraran sautuka su haifu, ka ji “zzz” sarai. Don gwada rediyo, bar gen ƙasa sosai ka ɗaga ƙara a hankali. Lambar da zizar ta fara ita ce iyakar rediyonka. Don gwada amfili da gaske, bayan ka saita, mayar da wufa, bar tuwitar a jone, inji a kashe, batir a yadda yake bayan aikin yini, kunna sautin na daƙiƙa uku zuwa biyar kawai. In ta yi ziza, rage gen kaɗan. Kada ka wuce daƙiƙun nan, tsantsar sauti ya fi kowace waƙa zafi a koyil.

Kan matakin sauti kuwa, masu kiɗan mota da yawa suna saitawa da sautin gwaji mai −5 dB, wanda bai kai cikakken mataki ba, hujjarsu waƙa ba ta cika kaiwa ƙololuwa ba, 0 dB yana barin ƙarfi a ajiye. Akwai gaskiya a ciki. Ga wanda shi kaɗai ke riƙe da maɓallinsa kuma yana da kunne, ni ma −5 zan ce.

Mai Gyaran Rediyo, Garwa

Injiniya, dabarar tuwita ta yi, amma −5 ba na wannan jirgi ba ne. Wanda ya saita 25 V da −5 dB, ranar da waƙa ta kai 0 dB amfili 44 V ake nema a wurinsa, ninki 1.78, shi kuwa 25 ne rufinsa. Waƙoƙin biki na yanzu a kwamfuta ake haɗa su, bas ɗinsu dogo ne, a cike yake tun daga situdiyo, wasu ma an sake ƙara musu ƙara wajen tura su kati. Ga shi ba mutum ɗaya ke taɓa rediyon ba: yaron jirgi, abokan ango, kowa da wayarsa. A nan 0 dB ne kariya.

Wayar ma ta tuna min. Bluetooth da USB ba lallai matakinsu ya zo ɗaya ba. Auna da duka biyun, a Bluetooth ƙarar waya a ƙarshe, tsarin bas na waya a kashe, sannan ka saita da wanda ya fi ba da lamba babba. Sautin gwajin kuma a sa asalin fayil ɗin a USB, kada a ɗauke shi da makirfon waya ko a turo shi a saƙon murya, matakinsa ya riga ya canza.

Injiniyan Sauti, Injamena

Haka ne, Malam. Jirgin haya ne, na janye. A yi da 0 dB.

Mai Kwale-kwale, Lagdo

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. An bi yadda kuka ce. Wufa ta nuna 1.8 bayan an debe na tsinkaye. Wayar wuta da aka kankare fara ce a ciki, an canza ta da 25 mm², an sa fis. Tuwita ta fara ziza a lamba 33 na rediyo, sai muka tsaya a 30. Gen ya ba da 25 V tun bai kai rabi ba. Jar fitila ba ta sake kamawa ba, amfilin ɗumi kawai yake yi. Sai dai bas ya ragu a kunne, waɗanda ke goshin jirgi suna cewa ba ya iso su. Akwai abin yi ban da taɓa gen? In na ƙara wufa ta biyu irin wannan fa?

Makaniken Injin Ruwa, Kusiri

Madalla, Alhaji. Inda gen ya tsaya kada ya dame ka, mita ce alƙali. Ɗiga masa jan farce ko fenti a bakin ramin, don a gane in wani ya murza, ka kuma rubuta 30 a jikin rediyo. In rediyon yana da wurin ƙayyade iyakar ƙara a cikin saitinsa, kulle shi a nan.

Amfilin a ɗaure shi a jikin katako a tsaye, sama da inda ruwan kwarfa ke kaiwa, ƙarƙashin inuwa, da tazarar yatsu uku zuwa huɗu ta kowane gefe. Bakin wayoyi su kalli ƙasa don ɗigon ruwa ya gangara ya bar su. Kada a naɗe shi da leda don tsoron ruwa, fiffiken jikinsa da iska yake sanyaya. A watan Maris da Afrilu, da zafi ke haura 40, amfilin da rana ke duka kai tsaye zai ɗauke ko gen yana daidai. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ramin gen ta sa shi ƙarce-ƙarce, ɗan salatif a kai ya wadatar.

Injiniyan Sauti, Injamena

Raguwar da ka ji kashi biyu ce. Wani ɓangare na abin da kunne ya saba da shi a da, ƙazantar askewa ce, tana da kaifi, sai a ɗauka ƙarfi ne. Ɗaya ɓangaren kuwa halin ruwa ne. A mota ƙofofi da rufi suna tare bas su tara shi; a tafki ba bango, duk ninkin nisa ana rasa 6 dB. Wanda ke mita 8 daga akwati yana jin ƙasa da na mita 2 da 12 dB, kuma babu gen da zai cike wannan, domin 12 dB ninki 16 ne na wat.

Abin da ke aiki ba tare da kashe ko sisi ba: dawo da akwatin tsakiyar jirgi maimakon gindi, nisa zuwa goshi ya ragu da rabi, 6 dB ke nan kyauta. Ajiye shi a ƙasa, a kusurwar da benci ya haɗu da jikin jirgi, katakon zai mayar da abin da da zai tafi baya. A ɗan ɗaga shi kan katakai biyu saboda ruwa, kada kuma kaya su toshe bakin bututun, a bar masa aƙalla faɗin bututun. Ɗaga LPF zuwa 100 ko 110 Hz, domin a fili dukan da ake ji a ƙirji yana tsakanin 60 da 100 ne. Sai PHASE: kunna waƙa, tsaya inda fasinja ke zama, wani ya juya tsakanin 0 da 180, ka bar shi inda bas ya fi cika. In wufa da ƙananan sifiku suna tura iska saɓanin juna, suna cinye junansu a daidai wurin da suka haɗu. Ƙananan kuma a sa musu HPF, matacin da ke tare bas, a 100 Hz, za su yi ƙara da tsabta tunda an sauke musu bas.

Wufa ta biyu tana taimakawa, amma duba haɗin. Biyu masu koyil biyu na om 4 ba sa ba da om 2. Ko dai om 1, wanda amfilinka ba a yi shi don shi ba, ko om 4. A om 4 takarda ta ce 300 W, wato 34.6 V a 14.4, da sabuwar wayarka amfili yana ganin wajen 11.8, saboda haka 28 V ne sabon awonka, kusan 200 W, ɗari-ɗari kowacce. Ka rasa 2 dB a wat, ka samu 3 dB saboda faɗin takarda ya ninku, in an jera su gefe da gefe. Ribar dB 1 ce kawai a ƙara, amma batir zai ƙara awa, koyil ba zai ko yi zafi ba. In ƙarar ce ake nema da gaske, sai dai wufa biyu masu koyil guda na om 4 da akwati mai girman da takardarsu ta faɗa, su ba da om 2 a 25 V ɗin nan, a sami cikakken 3 dB. Duk wanda ka zaɓa, da an canza wufa, rediyo ko haɗin koyil, a cire wayoyi a sake awo daga farko.

Akwatin kuma kada ya kalli direba. Mai riƙe da inji yana buƙatar jin canjin kukan injinsa da kiran masunta masu raga a ruwa, musamman dawowar magariba. Ɗan maɓallin nesan nan a ɗaura shi kusa da hannunsa. Tunda a buɗe duka aka yi awo, ragewa kawai zai iya yi. A dai duba takarda tukuna, domin a wasu amfili wannan maɓallin BASS BOOST yake murzawa ba matakin sauti ba, irin wannan gara a cire shi.